Koyarwa da Waya da Kwamfuta a Makarantun Kebbi: Tambayoyin Malamai da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin malaman firamare da sakandare a Jihar Kebbi duk lokacin da aka taɓo maganar koyarwa da na'ura. Wasu a taron bita ake jin su, wasu a gindin darbejiya lokacin tara, wasu kuma ta saƙon murya. An haɗa masu kama da juna, an bar su kusan yadda ake yin su. Amsoshin kuwa don malamin da ajinsa ya cika ya batse ne, wanda wayarsa guda ce, albashinsa kuma ba ya ganin ƙarshen wata.

Makarantarmu ko wuta babu, balle kwamfuta. Wannan magana ta shafe mu kuwa?

Ta shafe ku, Malam, ku ma ta fi shafa. Sai dai a fara ta inda ya dace: duk shirin da za ka yi, ka yi shi kamar babu sabis, babu wuta. A watan Maris na 2020 an rufe makarantun ƙasar nan saboda korona, kuma a jihohin Arewa da dama darasin rediyo ne ya fi kaiwa ga yaran ƙauye, ba na intanet ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni a haka. Malamin da darussansa ke cikin memori ya ci gaba da aiki, wanda ya bar nasa a intanet sai ya koma ga alli.

Saboda haka ka gwada komai da wannan awo: kashe data, ka buɗe. In ya buɗe, naka ne. In bai buɗe ba, aro ne. Ranar da ka shiga Birnin Kebbi, ko Jega, ko Yelwa, ko Zuru karɓar albashi, ka sauke abin da za ka yi amfani da shi wata guda, ka zuba a memori, ka raba wa abokan aiki ta Xender ko Bluetooth, wanda ba ya cin ko kwabo.

Kayan aikin ba su da yawa: wayar da ke hannunka, memori, fawabank ko ƙaramar sola, da 'yar lasifika mai caji. A ganina lasifikar nan ta fi majigi amfani a yawancin azuzuwanmu. Yara tamanin ba za su ga fuskar waya ɗaya ba, amma dukansu za su ji, har na bakin taga.

Ana ta cewa malami ya zama mai ƙirƙira. Darasin da aka riga aka tsara a manhajar karatu, me zan ƙirƙira a ciki?

Manhaja ta faɗa maka abin da za ka koyar. Ba ta faɗa maka ta wace ƙofa za ka shigar da shi kan yaron Bunza ko na Kamba ba. Nan aikinka yake.

Ɗauki darasin kimiyya a kan abin da ke nutsewa da wanda ke yawo a saman ruwa. Littafi zai nuna hoton jirgin ruwa na ƙarfe wanda yaro bai taɓa gani ba. Amma yaron Argungu ya san masunci kwance a kan gora, da homa a hannu, a Matan Fada. Ka ɗauki bidiyon rabin minti na wannan, ka zaga da wayar layi-layi, sannan ka jefa tambaya ɗaya: ya aka yi gora marar nauyi ta ɗauki ƙato? Kada ka ba da amsa. Bar su su yi gardama. Wani zai ce asiri ne, wata ta ce don gorar ba ta da komai a ciki. Sai ka kawo bokitin ruwa da robar lemo guda biyu masu murfi, ɗaya wofi, ɗaya cike da yashi, ka sa yaro ya danna ta wofin zuwa ƙasan bokiti ya gaya wa aji abin da hannunsa ke ji. Zai ce ruwan na turo ta. To darasi ya shiga, sauran rubutu ne a allo. Wayar ba ta yi minti biyu tana aiki ba, kuma daidai ke nan.

Lissafi ma haka. A Aliero kowane yaro ya san albasa na raguwa a rudu, wato ma'ajiyar albasa, kafin farashi ya tashi. Ka ɗauki hoton rudu, ka rubuta: manomi ya ajiye buhu 40, kashi 25 cikin ɗari ya ruɓe, farashi ya ninka, riba ya ci ko faɗuwa ya yi? Yaran da ke gudun lissafin kashi cikin ɗari za ka ga sun miƙe, don sun sha jin iyayensu na wannan lissafi a zaure. Mai koyarwa a gefen fadama yana da injin ban ruwa, da litar fetur, da buhun shinkafa. Na Yauri yana da kogi da kwale-kwale. Na Zuru yana da duwatsu da bikin Uhola.

Abin da ba ƙirƙira ba shi ne sauko da bidiyon minti arba'in na wani Bature a kunna wa aji, malami ya koma bakin ƙofa yana danna wata wayar. Wannan hutu ne.

Ina son in riƙa naɗar darasi da kaina. Ta ina zan fara?

Fara da murya. Saƙon murya na minti biyar a WhatsApp bai kai megabait biyu ba, bidiyo mai wannan tsawo kuwa ya ninka shi sau da yawa. Iyaye da dama ƙaramar waya gare su ko rediyo mai cin memori, kuma duk suna kunna murya.

In ka zo bidiyo, ba fuskarka ake buƙata ba, hannunka ake so. Ka tara littattafai kamar tsawon kamu ɗaya a kan tebur, ka kwantar da wayar a sama yadda kyamararta za ta leƙo ƙasa, ka danne ta da wani littafin kada ta faɗo. Farar takarda a ƙasa, maka baƙa mai kauri, taga a gefen hagunka in da dama kake rubutu, don kada inuwar hannu ta rufe aikin. Bayan sallar asuba da gari ya yi haske ya fi, kafin masu babur da injin niƙa su tashi. Abu ɗaya tak a kowane bidiyo, minti uku zuwa huɗu. In ka yi tuntuɓen harshe ka gyara ka wuce, kamar yadda kake yi a aji. Masu jiran sai ya fito tsaf ba sa gama ko guda.

Sannan ka sa wa fayil suna mai ma'ana: aji, darasi, mako. Bayan zango biyu za ka gode wa kanka.

A ina ake samun kayan koyarwa kyauta, musamman da Hausa?

Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. An gina shi a kan manhajar karatun Najeriya, kuma akwai darussa da Hausa. Don karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku, African Storybook da Bloom Library na da ƙananan labarai masu hotuna da Hausa, ana sauke su a karanta ba data, kuma kana iya rubuta naka ka ɗora. Malaman kimiyya su nemi PhET, na wata jami'a a Amurka, inda yaro zai haɗa batir da wayar lantarki da ƙwan fitila a fuskar na'ura ya ga ya kama ko bai kama ba. Na lissafi su duba GeoGebra. Kiwix na ba ka damar ajiye Wikipedia a waya. Makarantar da Allah ya hore wa laftof ko guda ɗaya ta nemi Kolibri: ana zuba darussa a laftof ɗin, wayoyin da ke kusa su jona da shi su karanta ba tare da intanet ba.

Kada ka sauke duka. Zaɓi ɗaya, ka yi zango guda da shi. Kuma ka karanta kowane labari kafin ya isa gaban yara, don wasu fassara ce daga wasu ƙasashe, Hausarsu na ɗingishi, wasu hotunan kuma ba su dace da tarbiyyarmu ba.

Wayata ba ta da ƙ da ɗ da ɓ.

Tana da su. Shiga saitin madannan wayar, irin su Gboard, ka ƙara Hausa cikin harsuna. Malamin Hausa da ke tura wa yara rubutu babu ƙugiya yana rushe abin da ya gina da safe.

Na je bita ba adadi, takardun shaida cike da jaka, amma ajina na nan yadda yake. Laifin wa?

Kafin a nemi mai laifi, a dubi yadda ake shirya abin. Ana kiran mutum kaɗan babban birni a horar da su kwana biyar. Su dawo su horar da wasu kwana uku. Waɗannan su je ƙaramar hukuma su yi kwana ɗaya, rabinsa ya tafi a jawabin manyan baƙi da layin sa hannu a takardar alawus. Kafin abin ya iso ga malamin aji ya zama kamar furar da aka yi ta ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi. Ga shi kuma sau da yawa a kan kwamfutar da babu irinta a makarantarka aka koya maka, kuma babu wanda zai biyo ka aji ya ga ko ka gwada. (Yadda ake zaɓen masu zuwa bitar ma wani zance ne, kowa ya san shi.)

Ba cewa nake a daina zuwa ba. A je, a karɓi abin da ya samu. Amma hannun malami ba ya faɗawa sai wani ya ga aikinsa ya gaya masa gaskiya, ya sake gwadawa, a sake gani. Wannan kuwa ba sai an jira kowa ba.

Ku haɗu ku huɗu ko biyar, daga makaranta ɗaya ko makarantun da ke kusa. Duk mako biyu, ranar Alhamis bayan an tashi, awa ɗaya. Kowane zama mutum ɗaya ne zai kawo minti goma na darasinsa da ya naɗa, wayar a jingine a bayan aji tana kallon allo, ba fuskokin yara ba. Kada a fara da "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira". A ƙirga abubuwa: minti nawa malam ya yi yana magana shi kaɗai? Yara nawa ya tambaya, kuma daga wane layi? Mata nawa a ciki? Da ya yi tambaya, ya jira a yi tunani, ko shi ya amsa wa kansa? Sau nawa ya ce "kun gane?" aji ya amsa "eh" baki ɗaya aka wuce? Yawancinmu ranar da muka fara ganin kanmu a bidiyo mamaki ke kama mu, don 'yan layin gaba uku kawai muke koyarwa.

Daga nan mai darasin ya zaɓi abu ɗaya da zai canza, ya dawo da sabon naɗi bayan wata. Sharaɗi biyu: abin da aka gani a zaman ba ya fita, kuma babba shi zai fara kawo nasa. In wanda ya fi kowa daɗewa a aiki ya yarda aka duba shi, ƙananan ba za su ji kunya ba. In kuna son abin da za ku riƙa karantawa tare, kayan TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya kyauta ne, kuma don malaman Afirka aka rubuta su.

To wace takarda ce ke da amfani wajen ƙarin girma?

A raba abu biyu. Akwai karatun da ke ƙara maka iyawa, akwai takardar da hukuma ta sani. Kwas ɗin intanet na kwana uku na iya zama na farko, amma da wuya ya zama na biyu.

NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Ana yin ta a kwalejojin ilimi irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko ta karatun nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa tun 1976 don malaman da ke bakin aiki. Mai digirin da ba na koyarwa ba PGDE yake buƙata, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri. Mai son digiri bai bar aiki ba ya duba Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Sai rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don yi wa malamai rajista. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi, an kasa masu rubutawa gida huɗu daga mai NCE zuwa mai digiri na uku, lasisin kuma ana sabunta shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa malami ya saba da madannai.

Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarka ka tambaya ko ana lissafa shi. Kuma duk saƙon da ya ce an zaɓe ka horo da kyautar laftof, ka turo kuɗin fom, ko lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ya aiko maka, 'yan damfara ne. Goge shi, kada ka tura wa zauren malamai da sunan taimako.

Ranka ya daɗe, saura mini 'yan shekaru in yi ritaya. Ba a bar wa yara wannan ba?

Baba, dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki, don haka wataƙila sauran ya fi yadda ake zato. Ban da haka, abin da ke kanku shi ne babu a intanet: yadda ake riƙe aji, waƙoƙin koyar da baƙaƙe, dabarar gane yaron da ke haddacewa ba karantawa ba. Ku nemi ƙaramin malami ku yi musaya. Shi ya riƙe waya, ku ku yi darasin.

Ƙirƙirarriyar basira na rubuta shirin darasi cikin minti ɗaya. In yi amfani da ita, ko ha'inci ne?

Ba ha'inci ba ne in ka ɗauke ta mai taya ka tunani. Ha'inci ne in ka kwafe ka miƙa wa hedimasta ya sa hannu, kai kanka ba ka karanta ba. ChatGPT da Gemini da Meta AI da ke cikin WhatsApp duk suna da amfani wajen kawo tambayoyin gwaji iri-iri, ko sauƙaƙa dogon bayani. Gwargwadon bayanin da ka ba ta, gwargwadon abin da za ka samu: gaya mata aji nawa ne, yara nawa, minti nawa gare ka, babu wuta, iyayen yaran manoma ne da masunta.

Amma tana ƙarya da gaba gaɗi, ba ta ko ƙifta ido. Gwada ta da abin da ka sani sarai, kamar tarihin Kanta da Surame, ko masarautun jihar nan huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ka ga inda za ta dace da inda za ta zame. Aya da hadisi kuwa kada ka ɗauka daga gare ta sai ka duba littafi. Hausarta ma sai ka sake mata zubi. Kuma sunayen yara da makinsu ba abin zubawa a cikinta ba ne.

Ɗalibanmu na zuwa JAMB ba su taɓa taɓa kwamfuta ba. Laftof ɗaya gare mu.

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara gwada hakan da masu rubutawa daga waje a 2024. Abin da ke kayar da yaran ƙauye sau da yawa fargaba ce, ba rashin karatu ba. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, kuma ana iya yin ta da maɓallai kaɗan ba tare da linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙa aiki, R don fasa miƙawa. Ka zana madannai a kwali daidai girmansu, kowane ɗalibi da nasa, ka riƙa karanto tambaya suna dannawa kana duba agogo. Laftof ɗin kuma a yi masa jadawali, minti ashirin ga kowane yaro, tun daga aji biyar na sakandare, ba saura mako biyu ba. Ka tabbata 'yan mata sun samu nasu lokacin, don in aka bar abin ga mai ƙarfi, maza ne za su mamaye kujerar.

Ni malama ce. Ya zan yi da zauren WhatsApp na ɗalibai ba tare da an samu abin magana ba?

Malama, zauren na iyaye ne, ba na yara ba. Lambar uwa ko uba ko yaya za a sa, shugaban makaranta na ciki, kuma a kulle yadda masu kula kaɗai ke turawa, in ba haka ba kafin mako ya cika ya koma dandalin talla da gaisuwar Juma'a. Malami namiji kada ya bi ɗaliba ta saƙon sirri ko da na darasi ne. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce gare shi.

Hotunan yara kuma a yi hattara. Bayan sace ɗalibai da 'yan bindiga suka yi a makarantar Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, babu malamin Kebbi da ke buƙatar a yi masa dogon bayani a kan haɗarin ɗora hoton ɗakin kwana, ko katanga, ko lokacin tashi a Facebook. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ce sai da yardar iyaye ake sarrafa bayanan yaro.

Ga matan da aure ko nisa ya raba da aji, saƙon murya ya buɗe ƙofa. Kai karatu har cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta riƙa koyar da jajis, wato matan da take naɗawa malamai masu yawo, su ɗauki karatu cikin waƙa mai sauƙin haddacewa su kai wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a ƙauyuka. Gajeren darasi, mai daɗin ji, wanda za a iya maimaitawa ana aikin gida: har yau shi ke aiki.

Rabin ajina ba Hausa suke yi a gida ba.

A Zuru da Yauri da Dandi wannan ruwan dare ne: Dakarci, Kambarci, Zabarmanci, Fulatanci. Ka nemi babban ɗalibi ko wata uwa mai jin harshen, a naɗi bayanin muhimman kalmomin darasi na minti ɗaya, ka kunna kafin ka fara. Ka adana su, baɗi ma za ka buƙace su.

Hedimasta ya hana fito da waya a aji. In yi yaya?

Yana da hujja, don ya sha leƙa aji ya tarar da malami na hira a waya yara na dambe. Kada ka yi musu a gaban malamai. Ka same shi a ofis ka ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon ka shigo ajina ranar Talata, minti goma kawai." Ka rubuta a shirin darasinka daidai inda za a kunna wayar da abin da za a kunna, ka cire sim ko ka sa ta a yanayin jirgin sama a gabansa, kana gamawa ka mayar da ita aljihu. In ya amince, ku rubuta ƙa'idar a takarda ɗaya a manna a ofishin malamai, don ta hau kan kowa. In bai amince ba, ka ci gaba da shirya darasinka da wayar a gida, ka shigo da abin da ka samo a kan kwali da allo, ka sake neman izini zango mai zuwa.